Gora, Homa da Zaren Nailon: Tarihin Jirgin Mutum Ɗaya a Ƙasar Damagaram

Damagaram ba ƙasar kogi ba ce. Birnin Zinder a kan duwatsu yake zaune, ƙishirwarsa kuma sananniya ce, har tana cikin dalilan da suka sa Faransawa suka ɗauke fadar mulkinsu daga nan suka mayar Yamai a 1926. Tarihin masarautar da aka fi bayarwa na dawaki ne da fatake da bindiga: yadda Sarki Tanimun, wanda ya riƙe sarauta har zuwa 1884, ya zagaye Birni da ganuwa, ya sa maƙera suka ƙera masa igwa, ayarin Tarabulus da na Kano suna sauke kaya a unguwar Zango. Ba kasafai ake jin masunta a cikin wannan labari ba. Amma kuwa suna nan tun dā, kuma suna da jirginsu, jirgin da ba ya cin kowa sai mai shi, wanda ake shiryawa da kayan aiki cikin tsari kamar yadda masu kamun kifi na Amurka da Turai ke shirya ƙaramin kwale-kwalen nan nasu da ake kira kayak. Wannan jirgi shi ne gora. Abin da nake son in kafa hujja a kansa shi ne, gora da kayan da ake ɗaura masa ba alamar ci baya ba ne. Amsa ce da ta dace da irin ruwan ƙasar, da itacen da ƙasar ke da shi, da dokar da ke kan ruwan. Abin da ya girgiza sana'ar daga baya kuwa ba sabon jirgi ba ne, sabon zare ne.

A fara da ruwan. Kudu da Zinder akwai kwarin Korama, wanda ya ratsa ƙasashen Kance da Matameye da Magarya, inda ruwan ƙasa ke kusa, har ake noman rake da rogo da kayan lambu. Gabas, a kan hanyar Gure, kimanin kilomita 70 daga birni, akwai tafkin Gidimuni da dabinansa, wanda aka shigar cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2019. Tafkin Lasuri ya riga shi shiga tun 2005. Ban da waɗannan akwai tafkuna barkatai da ke cika da damina, su yi ta ja da baya cikin hunturu, kafin bazara ta kai wuya wasunsu sun zama taɓo. Ruwa ne mara zurfi, mai ciyawa da bado, wanda bakinsa na wannan wata ba shi ne na watan gobe ba, kuma tsakanin wannan tafki da wancan akwai tafiyar yini a cikin rairayi. Kifin da ke cikinsa ma ya san halin wurin. Tarwaɗa tana jure ruwan da ya kusa zama kunu, gaiwa kuwa idan tafki ya ƙafe sai ta nutse cikin laka ta naɗe kanta, ta kwana a nan har ruwan sama ya dawo, shi ya sa a ƙasashen nan akan yi kamun kifi da fartanya. Babban ruwa yana can nesa: Komadugu Yobe a kudu maso gabas, sai Tafkin Chadi, wanda daga Zinder zuwa Gigmi da ke tsohon bakinsa kimanin kilomita 600 ne. Amma nisan bai raba su ba, domin daga kafuwar masarautar a wajajen 1730 Damagaram ta daɗe a ƙarƙashin inuwar Barno, tana kai gaisuwa can, kuma hanyar da mangul da kanwa ke bi ita ce hanyar da dabaru ke bi.

Mai gardama zai ce, to ai mutanen da suka hau gora sun hau ne don ba su san sassaƙa jirgi ba. Ƙasa da kanta ta ƙaryata wannan. A 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya kusa da Dufuna, a jihar Yobe ta yau, ya ci karo da wani katako a ƙarƙashin ƙasa. Da masana daga jami'o'in Maiduguri da Frankfurt suka tono shi a 1994, sai ga kwale-kwale mai tsawon mita 8 da ɗoriya, an sassaƙa shi daga gungume ɗaya, goshinsa da bayansa a feƙe, aikin gwani. Gwaji ya nuna ya kai shekara 8,000, wato shi ne jirgi mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka, kuma yana cikin mafiya tsufa a duniya. Dufuna tana cikin kwarin ruwa ɗaya da kudancin Damagaram. Ke nan sanin jirgi ya riga masarautar da dubban shekaru. Abin da ya tafi ba sani ba ne, itace ne da ruwa. A lokacin jirgin Dufuna, Chadi teku ce, kuma manyan itatuwa irin su maɗaci suna tsaye a inda yau sai ƙaya. Manomin Mirya ko Wacha da ya duba gonarsa, gawo zai gani da kuka da goruba da giginya. Kuka cikinta taushi ne, goruba siririya ce mai rassa, giginya ta azara ce, gawo kuwa taki ne da abincin dabbobi, mai hankali ba ya sare shi don ya yi su na wata huɗu. Ko da an samu gungumen, wa zai ɗauke shi daga wannan tafki zuwa wancan idan ruwa ya janye? Duma kuwa shuka shi ake yi a bayan gida, damina ɗaya ta isa.

Ya kamata a dubi goran nan da kyau, domin a cikin shirinsa hujjar take. Ana zaɓen duma mafi girma, wanda hannu biyu ba sa zagaye shi, a bar shi ya bushe sarai, a yanke masa baki a sama daidai shigar hannu da kifi, a kwashe cikin. Masunci yana kifa cikinsa a kan bakin, ƙirjinsa da hannuwansa a gaba, ƙafafunsa a cikin ruwa suna tuƙi. Jikinsa ne murfi. Muddin yana kwance a kai, ruwa ba ya shiga. Idan ya kama kifi sai ya ɗan karkata ya jefa shi ciki, nauyin kifin kuma ya ƙara zaunar da goran. Abu ɗaya ke nan ya zama jirgi, ya zama rumbu, ya zama abin ceto, kuma idan aka buga shi da tafin hannu amonsa yana shiga ruwa ya kori kifi zuwa inda aka kafa raga. A hannu akwai homa, raga mai baki na sanda lanƙwasasshiya, wadda akan riƙe biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, a haɗa bakinsu a kan kifi. A wuya ko a kan gora akan naɗe mamari, doguwar igiya mai ƙugiyoyi jere kusa da juna, ba a sa musu koto, ana shimfiɗa ta kusa da ƙasan ruwa don ta sarƙe tarwaɗa da ƙurungu masu yawo a laka. Wuƙa tana ɗamara, zago kuwa na babban kifi ne. Dukan waɗannan daga kasuwar ƙauye suke fitowa: zaren raga daga rama ko auduga, igiya da sankiya daga kabar goruba, ƙugiya daga maƙeri, abin da ke sa igiya ta taso daga karan dawa. Idan gora ya tsage, gyartai ya ɗinke shi. Da aka tashi, masunci ya zuba homa da mamari a cikin goran, ya ɗora a ka ko a kan jaki, ya nufi tafki na gaba.

Baƙin da suka fara rubuta labarin yankin sun ga wannan da idonsu. Dixon Denham, Baturen Ingila da ya iso Barno a 1823, ya bayyana yadda masunta a kogin Yobe ke ɗaura gora biyu a kan sanda ɗaya, ɗaya a kowane gefe, mutum ya hau tsakiya ya shiga ruwa da ragarsa, har aka zana hotonsa a littafin tafiyar. Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, kuma wanda ya zauna a Zinder daga ƙarshen 1852 zuwa farkon 1853, ya ƙetare Komadugu a kan irin wannan haɗin na goruna da sanduna, da shi da kayansa. A can cikin Chadi kuwa, Buduma mazauna tsibirai sun bi hanya ɗaya da wani abu daban. Su ma ba su da gungume, sai suka ɗaure damman ciyawar tafki suka yi jirgi mai ɗagaggen goshi da suke kira kadei, wanda ke ɗaukar mutane da kanwa, kuma kowane namiji yana da guntun wani itace mara nauyi da yake kwanciya a kai ya yi iyo daga tsibiri zuwa tsibiri. A gefe guda ga abin da Turawa suka yi: tawagar James Richardson ta ɗauko jirgin katako daga bakin tekun Bahar Rum, an rarraba shi gunduwa-gunduwa a kan raƙuma, aka ƙetare Sahara da shi. Richardson, wanda ya bi ta Zinder, ya rasu a hanyar Kukawa a 1851 bai ga tafkin ba. Abokin tafiyarsa Adolf Overweg ne ya harhaɗa jirgin ya zagaya tsibiran Buduma a cikin wannan shekara. Jarumtaka ce, babu musu, amma jirgin bai bar zuriya ba. Kadei kuwa ya rayu har Thor Heyerdahl, ɗan ƙasar Norway, ya zo neman magina daga bakin Chadi a 1969, suka ɗaura masa jirgin ciyawa mai suna Ra, wanda ya yi tafiyar dubban kilomita a tekun Atlantika kafin ya lalace.

Shi kansa kayak ɗin da ake yayi yau ɗan uwan gora ne ta wajen asali. Mutanen Inuwit na ƙasashen ƙanƙara ba su da daji, sai suka haɗa ƙashi da guntayen itacen da teku ke kawowa, suka lulluɓe da fatar dabbar ruwa, suka auna jirgin da jikin mai shi, suka jera mashi da igiya da salkar iska a gabansa, inda hannu zai kai ba tare da ya juya ba. Sai a shekarun 1970 aka fara zuba shi da roba, a 1997 kuma kamfanin Hobie ya fito da mai feda don hannun masunci ya huta. Mai kayak na yau yana ɗaura mariƙin sandar fatsa, da akwatin kaya a bayan kujera, da ƙaramin anga, da na'urar hango kifi, amma ƙa'idar da gwanayensu ke bi ita ce ta mai gora: kada ka ɗora abin da ruwa bai nema ba, nauyi ya zauna ƙasa, komai ya kasance a ɗaure kuma kusa da hannu.

Akwai gardama ta biyu, kuma ta fi ta farko nauyi. Za a ce duk wannan yabo ne ga talauci. Mai gora rabin jikinsa a ruwa yake yini, cikin sanyin hunturu; tsargiya tana shigarsa ta fata; inda akwai kada ko dorina ba shi da katanga; iska ta taso a babban ruwa ba shi da ta cewa; abin da zai kamo kuma bai wuce cikin gora ɗaya ba. Duk wannan gaskiya ne, kuma wanda ya ga yaro yana fitsarin jini ba zai raina ta ba. Ba na cewa gora ya fi jirgin katako a ko'ina. A tsakiyar Chadi ko a Kwara, inda Sarkawa suka yi suna, kwale-kwale ne sarki. Abin da nake cewa shi ne, a tafkin da zurfinsa bai wuce tsayin mutum ba, wanda zai ƙafe kafin Afrilu, mutumin da noma ne babbar sana'arsa ba zai zuba kuɗin buhunan gero a jirgin da zai kwana wata bakwai a rana yana tsagewa ba. Ƙanƙantar abin da gora ke ɗauka kuwa, wadda ake gani aibi, tana da wani amfani da ba a lura da shi sai da ta kau: ita ce ta sa dokar ruwa ta yi aiki.

Domin ruwa a ƙasar Hausa da Barno bai taɓa zama na kowa da kowa ba. Garin bakin ruwa yana da Sarkin Ruwa, ko kuma bulama a ƙasar Barebari, wanda ke rufe tafki lokacin da kifi ke ƙwai da girma, ya buɗe shi idan ruwa ya ja. Ranar buɗewa ake yin su na gayya, a sanar da ƙauyukan kewaye, a jeru a baki da goruna da homa, ba mai shiga sai an ba da izini, a fitar da rabon mai ruwa da na sarki. Bikin Argungu, wanda ya samo siffarsa ta yanzu daga ziyarar Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu a 1934, kuma UNESCO ta karɓe shi cikin al'adun duniya a 2016, wannan tsohuwar al'ada ce aka yi wa ado. Abin da ake yi a kogin Matan Fada na Argungu da kiɗa da manyan baƙi, shi ake yi a ƙananan tafkuna ba tare da kowa ya ɗauki hoto ba. Dokar ta yi ƙarfi ne saboda kayan aikin ba sa ɓoyuwa kuma ba sa wuce gona da iri. Homa sai da mutum a bayanta. Ragar rama tana shan ruwa ta yi nauyi, tana ruɓewa, sai an shanya ta an yi ta ɗinki, saƙarta kuma aikin makonni ne, saboda haka ba mai iya tara ta da yawa. Jiki yana gajiya, gora yana cika, a fito. Kifin da ya tsira shi ne irin baɗi.

Nailon ne ya warware wannan ƙulli. An ƙirƙiro shi a Amurka a 1935, ya iso kasuwannin Chadi a wajajen ƙarshen shekarun 1950 da farkon na 1960, daidai lokacin da tafkin ke cike, fadinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000. Zare ne mara nauyi, ba ya ruɓewa, kifi ba ya ganinsa sosai, kuma a saƙe ake sayensa, ɗauri-ɗauri. Mutum ɗaya zai shimfiɗa kalli mai tsawon da a dā sai gari guda, ya tafi ya kwanta, raga tana aiki. Masunta Hausawa suka yi ta kwarara zuwa tafkin daga yamma, banda ta zama babbar haja, motoci suna ɗibarta daga Baga zuwa kudancin Najeriya. Jirgin katako da inji sun biyo baya ne, don a kai raga nesa a kuma kwaso abin da ta kama; zaren ne ya kira jirgin. Sai farin 1972 zuwa 1974 ya zo, tafkin ya rabu biyu, ɓangaren arewa, wanda rabon Nijar ke cikinsa, ya soma ƙafewa. Kifi ya taru a ɗan ruwan da ya rage, aka yi kamun da ba a taɓa yin irinsa ba, daga nan kuma abin ya faɗi. Kawara, wadda a dā ake shanyawa tuli-tuli, ta yi ƙaranci, aka koma ga tarwaɗa da karfasa da bargi, kifayen fadama. Hanyar kwalta da aka shimfiɗa daga Gure zuwa Gigmi a cikin waɗannan shekaru ta isa garin ne ruwa yana barinsa. A kwarin Komadugu kuma madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 suka rage ambaliyar da kifi ke hayayyafa a cikinta.

Za a ce ai fari ne da madatsu suka yi ɓarnar, ba zare ba, kuma nailon ya ciyar da miliyoyin mutane da gora ba zai iya ciyarwa ba. Na yarda da rabin maganar. Ba raga ce ta shanye Chadi ba, kuma ba wanda zai koma saƙa rama. Amma fari ba baƙo ba ne a nan. Tafkin ya sha ja da baya, har wata tawagar masu bincike ƙarƙashin Tilho da ta auna shi tsakanin 1906 da 1909 ta tarar da arewacinsa a bushe. Abin da ya bambanta farin 1972 zuwa 1974 shi ne, ya tarar da kayan aikin da ke iya kwashe ɗan abin da ya rage, uwa da 'ya'ya, cikin dare, ba tare da Sarkin Ruwa ya sani ba. Shaidar tana cikin idon raga: kowace shekara yana ƙara ƙanƙancewa, daga mai shigar yatsa huɗu zuwa mai biyu, har aka kai ga jan gidan sauro a cikin tafki. A ƙaramin ruwa irin na Damagaram, inda hukumar kula da gandun daji da ruwa ke zuba 'ya'yan kifi don a raya tafkuna, taru ɗaya mai ƙaramin ido ya isa ya share aikin shekara.

Shi kuwa gora bai mutu ba, ya dai sauya jiki a wasu wurare. Inda babban duma ya yi wuya, za ka ga matashi ya rungumi jarkar mai mai cin lita 25, ko ya hura tsohon tub na mota ya ɗaura buhu a tsakiya, guntayen silifas sun maye gurbin karan dawa a jikin igiya. Tsarin dai shi ne wanda Denham ya gani: mutum ɗaya, abin hawa mara nauyi da za a ɗauka a ka, kaya kaɗan a ɗaure kusa da hannu. Kachalla ma, ciyawar nan da ta mamaye Gidimuni da fadamun Haɗeja da Nguru, ta ƙara masa daraja, domin jirgin katako ba ya kutsawa cikinta, mai gora kuwa yana bin 'yan hanyoyin da aka sheme da lauje. Saboda haka duk wani shirin taimako da ke son sauke jiragen roba da injuna a bakin waɗannan tafkuna, gara ya fara kashe kuɗin a kan yankan kachalla, da maganin tsargiya, da rigar ruwa mai kare ƙirji daga sanyi, da kuma mara wa mai unguwa da Sarkin Ruwa baya su iya rufe tafki daga Yuli zuwa Nuwamba, su kuma ƙwace ragar da yatsa uku ba sa shiga idonta.